Duhun Ƙasan Hoton Penitito

Ranar Laraba da safe, Sufeto Kelemete bai ko gama kurɓar shayinsa ba wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Tuasivi. Ta tsaya gaban kanta tana murza hannun jakarta, kanta a ƙasa, kai ka ce ita ce ɓarauniyar.

Ya gane ta. Vaiola ce, mai ɗaukar hoto a Salemoa, ƙauyen mahaifiyarsa.

"Zauna. Me ya faru?"

"Sata aka yi mini, Yallaɓai. Kwamfutata, da faifan da nake ajiye hotuna."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya Litinin, lokacin addu'ar yamma."

"Shi ne sai yau kika ga damar zuwa?"

"Babana ya ce in na sa 'yan sanda cikin maganar gari kada in ƙara kiransa uba. Amma mijina suka ɗora wa. Jibi Juma'a manyan gari za su zauna, kuma kowa ya san abin da za su yanke. Korarsa za su yi, Yallaɓai. 'Ya'yanmu biyu. Na rantse da Allah Alapati bai ɗauki komai ba."

Mu nan tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa mun san yadda muke yi da namijin da ya baro garinsu ya tare a gidan surukansa. Shi ne hura wuta, shi ne hawa kwakwa, in kuma kaza ta ɓata shi ake fara harara. Ba don alfahari nake faɗa ba, halinmu ne. Kuma in matai, wato masu sarautar gari, suka kori mutum, ko rashin lafiyar ɗansa ba za ta sa ya sake taka garin ba sai sun yafe.

Kelemete ya ture kofin gefe. Ba ya son aikin Salemoa ko kaɗan, don duk gidan da ya shiga sai an tuna masa an san shi tun yana yawo ba wando. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa Kofur Sinalei ta fito da mota.

Ɗakin aikin Vaiola yana bayan gidan mahaifinta, shi kaɗai ne mai kwado a duk gidan. Ba a fasa kwadon ba. Makullin na nan inda yake zama kullum, cikin ɓawon kwakwa a saman ƙofa.

"Wa ya san wurin nan?" in ji Sufeto.

"Ni da Alapati."

"Da duk wanda ya taɓa tsayawa a bayanki kina buɗewa," in ji Sinalei.

Bangon ɗakin cike yake da aikinta. Tun da Vaiola ta je Apia, babban birninmu, ta koyo gyaran hoto a kwamfuta, babu mai son hoto haka kawai a yankin nan, sai mai kalar fim. Takan rage haske, ta sa teku da sararin sama su yi shuɗi mai duhu, fatar mutum ta yi ja-ja kamar rana na faɗuwa a kansa, ta dusashe gefuna, sannan ta shimfiɗa baƙin layi sama da ƙasa. Sai ka ga mai kifin da kuka gama cacar baki da shi jiya ya koma jarumi, har ka ji kana son gaishe shi.

Kyamararta tana rataye a jikin ƙofa, ba a taɓa ta ba, alhali ta fi kwamfutar tsada nesa ba kusa ba.

"Wannan ɓarawon ba sayarwa zai yi ba," in ji Kelemete.

Ya matsa ga wani katako da ke kan teburi. Ƙusoshi ne a jere, kowace da ambulan rataye, kowace ambulan da ɗan memorin kyamara a ciki, da sunan mai aikin a rubuce. Ƙusa ɗaya ce babu komai a jikinta.

"Na wa ne a nan?"

"Ban tuna ba, Yallaɓai."

Kafin ya rufe baki ta amsa. Matar da take rubuta sunan kowa da jan biro, har da kwanan wata, wai ba ta tuna ba. Kelemete ya dube ta, ta mai da ido kan yatsun ƙafarta. Bai matsa mata ba, ya rubuta a littafinsa ya fita.

Sun sami Alapati a rumfar girki yana kankare kwakwa. Dogo ne siriri, mai sanyin murya. Da ganin kaki ya saki aikin ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafafu kafin ya buɗe baki.

"Ina kake lokacin addu'a ranar Litinin?"

"Ina cikin gida muna waƙa, ranka ya daɗe."

"Wace waƙa aka yi?"

"Ta... ta yabo."

"Duk na yabo ne, bawan Allah. Surukarka ta ce wurinka babu kowa."

Alapati ya shiga zare ɓawon kwakwa daga yatsunsa. Can ya ce, "Taba na fita sha. Bayan ayabar can. Surukina dattijon coci ne, in ya ji ina barin addu'a saboda taba, ban san inda zan sa kaina ba."

"To ka fi son a kore ka da sunan ɓarawo?"

"Ko na faɗa wa zai saurare ni?"

A Salemoa, da an buga tsohuwar tukunyar gas ɗin da ke rataye a bakin hanya, gari ya tsaya ke nan. Kowa ya shige gida, wanda ƙararrawa ta riska a hanya ya zauna a inda yake har a gama. Masu gadi kaɗai ke tsaye, su takwas, cikin farar riga da shuɗin zani, don a nan maza ma zani suke ɗaurawa, suna sa ido kada wani ya motsa.

"Daga bayan ayabar ana ganin ƙofar ɗakin," in ji Kelemete. "Me ka gani?"

Alapati ya waiga hagu da dama. "Farar riga da shuɗin zani. Ya fito da jaka a hammata. Bayansa kawai na gani."

"Me ya hana ka faɗa wa surukinka?"

"Ni? In buɗe baki in ce ɗan gari ne? Ai washegari da sassafe shugaban masu gadin da kansa ya je ya ce ni ya gani da jakar."

"Penitito?"

"Shi."

Sinalei ta saci kallon maigidanta. Ta san Penitito ɗan kawun Sufeto ne, yayansa a wajen uwa. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, ya daɗe a Auckland ta ƙasar New Zealand kafin ya dawo gida, kuma ranar Asabar ɗin nan za a naɗa shi matai. Kelemete ya ce wa kansa masu gadi takwas ne, kuma da yamma mutum na iya ganin wani ya zaci wani. Ya faɗi haka sau biyu a zuciyarsa kafin su isa mota.

Gidan su Penitito ya kacame da shirin naɗi. Tabarmi na alfarma jibge har ƙirji, katan-katan na naman gwangwani, aladu na ta ihu a bayan gida. A tsakiyar hayaniyar Mareta, yayar Penitito, ce ke zaune tana ba da umarni, mace mai jiki da murya.

"Au! Ɗan sanda ya tuna da gida. Ka zo aiki ne ko ka zo cin na banza?"

"Aiki, Yaya. Kin yi hulɗa da Vaiola kwanan nan?"

"Hoto kawai ta ɗauka mana. Lafiya lau muka rabu, ko kallon banza ban yi mata ba."

"Mu ga hoton."

Ta zaro waya daga cikin rigarta. Hoton da za a buga a babban ƙyalle ne a rataye ranar naɗi. Penitito ne yake fitowa daga teku, ba riga, raga a kafaɗa, jarfar cikinsa da ta kwiɓinsa ta fito raɗau cikin jan haske. Daga gefen zaninsa zuwa ƙasa kuwa duhu ne, har ya haɗe da baƙin layin ƙasa.

"Ya yi kyau," in ji Sinalei.

"Kyau? Ke ma ba ki da ido! Mutum guda muka kai mata, ta dawo mana da rabi. Iska ta ɗaga zanin nan ranar, ina tsaye daga nesa na ga ƙyallen na filfilawa. Dama ce ta nuna jarfarsa har gwiwa, kowa ya ga namiji. Sai ta dulmiya ƙafafun cikin duhu wai haka fim yake. Na ce ta haska, ta ce a'a. Na wanke ta tas a ƙofar coci, mara kunya."

"Kin ce lafiya lau kuka rabu."

Mareta ta ɗan daburce, sannan ta murje ido. "To ai ban doke ta ba. Ranar Lahadi muna cin abinci na ce Talata zan je in zauna a kanta sai ta haska shi a gabana. Kafin Talatar mijin nata ya sace kayan."

"Wa ke wurin da kika faɗi haka?"

"Duk gida. Ga mai hoton ma."

Penitito ne ya shigo, da adda a hannu. Ƙato ne mai furfura a gefen kai, zaninsa har ƙauri. Ya dafa kafaɗar Kelemete yana murmushi.

"Ƙanena. Ka rame."

"Yaya, an ce kai ka ga Alapati ranar Litinin."

"Da idona. Da jaka a hammata."

"Ya fita ta ina?"

"Ta... wajen teku."

"Me ya sa ba ka tare shi a lokacin ba? Ai aikinku ke nan."

"Addu'a ake yi. Ban so tada hayaniya ba." Ya juya ga Mareta. "Ke kuma ki bar maganar hoton nan haka, ya ishe mu."

Kelemete ya sa Mareta ta tura hoton a wayar Sinalei. An cika masa kwando da gwaza da kifi, ya karɓa da hannu biyu, yana jin nauyin abin da yake tunani a kan mutanen da suka ba shi.

Washegari Alhamis da safe, Sinalei ta ɗora hoton a kwamfutar ofis. Ita ma takan taɓa gyaran hoto, har 'yan ofis suna tsokanarta wai ta fi kyau a waya.

"Duba nan, Yallaɓai. In mai gyara ya rage haske, abin da ke cikin inuwa bai tafi ba, kwanciya ya yi. In ka ja wannan sai ya taso."

Ta ja. Hoton ya yi fari fat, kalar fim ta watse. Daga cikin duhun ƙasa duwatsu suka fito, ga kumfar ruwa, ga jelar raga, har da wani kare da ke tsaye a gefe. Amma daga bakin zanin Penitito zuwa gwiwarsa baƙi ne wuluk, sumul, bai motsa ba.

"Ƙara."

"Na kai ƙarshe. Wannan ba inuwa ba ce, Yallaɓai. Shafawa aka yi da hannu, a hankali, aka bi layin ƙafar. Sannan aka dusashe sauran don kada a lura."

Kelemete ya daɗe yana kallon baƙin nan. Ya shiga tuno abubuwan da bai taɓa haɗawa ba. Bai taɓa ganin yayansa yana wanka a tafkin gari tare da maza ba. Bai taɓa ganin ya tattare zani ya raba kava, abin shanmu na gargajiya, a gaban manya ba, kullum sai ya tura wani ya ce girma ya zo.

"Ki rufe," ya ce. "Kada ki nuna wa kowa."

Ya koma wajen Vaiola shi kaɗai. Tana zaune a ɗakin da babu kwamfuta, hannuwa a cinya.

"Ambulan ɗin da ta ɓata ta Penitito ce."

Ta gyaɗa kai.

"Me kika rufe a hotonsa?"

"Yallaɓai, bakina ba zai iya ba. Sa'an babana ne."

"Gobe za a kori mijinki."

Sai ta fashe da kuka, ta toshe baki da tafin hannu kada na cikin gida su ji. Da ta lafa ta ce, "Ranar da na buɗe hoton na gani. Na yi kusan awa ina zaune. Sai na shafe wurin, na gyara sauran, na ce shi ke nan, daga ni sai Allah. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo ganin aikin. Yana tsaye a bayana, hannuna ya taɓa madannin da ke nuna asalin hoto kafin gyara. Ƙiftawar ido ne, na mai da shi."

"Ya gani?"

"Ya gani. Na ji numfashinsa ya tsaya. Na ce, 'Kawu, ya yi?' Ya ce, 'Ya yi.' Ya fita."

"Ba ki ce masa kin rufe da gangan ba?"

"In ce masa me? In ce Kawu na ga cinyarka? Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai gani ba."

"Da aka yi satar kin san ko wane ne."

"Na sha jinin jikina. Amma in na kira sunansa za a ce don me, in na faɗi dalili na tsiraita dattijo a gaban gari. Kwana biyu ina kallon Alapati yana hura wuta ana zaginsa, ina da maganar a cikina na ƙi faɗa. Ko ido ba na iya haɗawa da shi. Shi ya sa na zo wurinku, ko kwa gano da kanku ba da bakina ba."

Kelemete ya rufe littafinsa bai rubuta ko kalma ɗaya ba.

Da la'asar ya hau gonar gwaza da ke bayan gari. Penitito yana cikin bukka yana wasa adda. Da ya ga ƙanensa shi kaɗai, babu kofur, babu hula, sai ya ajiye dutsen.

Kelemete ya zauna a ƙasa, ƙasa da yayansa, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Yaya, ina kwamfutar?"

"Ka tambayi Alapati."

"Na tambaye shi. Farar riga da shuɗin zani ya gani. Kuma ka ce ta wajen teku ya bi, alhali masu gadi uku ne a hanyar teku, na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ga giftawar kowa. Memori ɗaya aka ɗauka cikin duka, naka. Kada ka sa in faɗi sauran da bakina."

Iska na kaɗa ganyen gwaza. Penitito ya sa hannu biyu ya rufe fuska, ƙaton mutumin nan, kafaɗunsa na rawa.

Wanda bai sani ba zai ce mene ne abin kuka a zanen fata. Jarfar namiji a wurinmu, wadda muke kira pe'a, daga kugu take har gwiwa, da tsinin ƙashi ake buga ta, kwana da kwanaki, jini na zuba. Wanda bai yi ba babu mai zaginsa. Amma wanda ya fara ya gudu, ya jawo wa kansa da uwarsa da 'ya'yansa abin gori har kabari.

"A Auckland ne," in ji Penitito, muryarsa a dishe. "Shekara ashirin da bakwai ke nan. An gama baya, an gama ciki. Rana ta huɗu aka sauko cinya. Kelemete, da aka ɗora ƙashin nan na ji kamar raina zai fita. Na ce zan zaga bayi. Na fita ta taga, na hau bas. Ban koma ba. Daga baya na je wani shago aka yi mini ta cibiya, wadda ita ake yi a ƙarshe, da inji, don in na tuɓe riga a ce an kammala. Matata ta sani, ta mutu da shi a cikinta."

Kelemete ya kasa ɗaga kai. Shekara goma sha biyar da suka wuce, ranar da shi kansa ya kai kwana na biyar a kan tabarma yana kuka yana cewa a bar shi haka, wannan mutumin ne ya danne ƙafafunsa, ya yi ta rera masa waƙa a kunne yana cewa in ka tashi ka kashe mu duka.

"Kai ka riƙe ni, Yaya."

"Na riƙe ka ne don na san abin da ke jiran wanda ya tashi."

"Ina kayan?"

"Na jefa a teku, daga kan duwatsu. Memorin na karya. Jakar tana bayan buhun can. Da Mareta ta ce za ta sa a haska hoton a gabanta, kwana na yi ban runtsa ba. Na ce yarinyar ba ta lura ba tukuna, amma ranar Talata kowa zai gani."

"Ta lura. Tun ranar farko."

Penitito ya ɗago.

"Duhun nan ba na fim ba ne, Yaya. Ita ta zauna ta shafe cinyarka da hannunta. Mareta ta zage ta a ƙofar coci, ta ƙi haskawa. Ko an zauna a kanta ranar Talata ba za ta haska ba. Yau da mijinta ke bakin kora, na tambaye ta abin da ta rufe, ta ce bakinta ba zai iya ba, wai kai sa'an babanta ne. Ita ka yi wa sata, mijinta kuma ka nuna da yatsa."

Penitito ya dubi addar, ya dubi ƙasa. Da ƙyar ya ce, "Tabarsa na gani tana ci a bayan ayaba. Na ce ai ba ɗan gari ba ne, tara za a ci shi a wuce wurin. Da na ji maganar kora kuma na riga na faɗa, na kasa janyewa."

"Zan iya tafiya da kai yanzu ta hanyar gona, babu mai gani. In rubuta sata kawai. Babu dokar da ta ce sai na rubuta dalili."

"In ka yi haka za su ce 'yan sanda ne suka ƙulla mini don a ceci baƙo. Za su kore shi duk da haka, ko ba gobe ba." Ya share fuska da bayan hannu. "Ka bar ni zuwa gobe. Ba zan gudu ba. Sau ɗaya na taɓa gudu."

Kelemete ya ɗauki jakar ya sauko. Doka ba ta ce a bar wanda ya amsa laifi ya kwana a gida ba, ya sani, amma bai waiga ba.

Juma'a da hantsi zauren gari ya cika. Kowane matai ya jingina da ginshiƙinsa. Mata da matasa sun zazzauna a waje kan ciyawa. Alapati na zaune a bakin zaure, kansa a sunkuye, Vaiola na bayansa da 'ya'yansu. Sufeto da Sinalei suka zauna daga gefe, ana ta aika musu harara.

Babban matai, tsoho mai rawar murya, ya fara jawabi a kan baƙon da aka ba wuri ya ci amana. Bai yi nisa ba Penitito ya shigo a sunkuye, ya zauna a tsakiyar tabarma inda mai laifi ke zama.

"Ku gafarce ni, iyayena. Ba Alapati ba ne. Ni na shiga ɗakin, ni na ɗauki kayan, ni na yi masa ƙarya."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Daga waje Mareta ta ƙwala, "Ƙarya ne! Tsoratar da shi aka yi!"

Tsohon ya ɗaga hannu. "Penitito, gobe za mu ɗora maka sunan kakanka. Me za ka yi da kwamfutar yarinya? In wani ne ya matsa maka, faɗa mana. Ba za mu yarda ba sai mun ji dalili."

Penitito ya dubi Vaiola. Ta girgiza masa kai, hawaye na zuba, tana roƙonsa da ido kada ya yi.

Ya miƙe ƙafafunsa a gaban manya, abin da ba a yi. Ya kama bakin zaninsa ya ja shi sama har ya wuce gwiwa. Baƙaƙen layuka sun sauko daga kugu, suka yi ɗan taƙi a cinyar hagu suka tsaya cak. Daga nan zuwa ƙasa fata ce fes, wadda ko rana ba ta taɓa gani ba.

Tsofaffi suka kau da kai ɗaya bayan ɗaya. Mareta ta zame ta zauna a ciyawa, ta ja gefen rigarta ta rufe fuska. Babban matai ya dubi Alapati, mutumin da ya gama kira maci amana, sai ya sunkuyar da kai shi ma.

Alapati ne ya motsa. Ya ja wata 'yar tabarma da ke gefensa, ya rarrafa da gwiwa har tsakiyar zaure, wurin da bai taɓa samun izinin takawa ba, ya shimfiɗa ta a kan ƙafafun Penitito.

"Rufe, Kawu," ya ce a hankali. "Ya isa haka."

Ya koma wurinsa ya ɗauki ƙaramar 'yarsa ya ɗora a cinya.

Kelemete ya tashi. Sinalei ta taɓa ankwar da ke ɗamararta, ya girgiza mata kai. Ya durƙusa kusa da yayansa ya faɗi abin da doka ta ce a faɗa, da muryar da shi kansa bai gane ba, sannan ya kama hannunsa ya tashe shi.

Mutane suka dare suka ba su hanya, babu wanda ya ɗaga ido. A bakin mota Penitito ya tsaya, bai juya ba.

"Sun ce Alapati ya zauna a gari?"

Kelemete ya waiga. Surukin Alapati ne ya taso daga ginshiƙinsa, yana tsaye a gaban mijin 'yarsa da hannu a miƙe, ya kasa haɗa ido da shi.

"Zai zauna, Yaya."

Penitito ya gyaɗa kai, ya tattare zaninsa, ya shiga bayan mota.